Bakatsine a Bakin Teku

Ni dai ban ce zan je Gana ba, aike na aka yi. Autan Yayata ne ke karatu a Jami'ar Cape Coast. Tun lokacin dogon yajin aikin jami'o'in nan na 2022, da yara suka kwashe wata 8 a gida, ubansa ya ce ba zai zuba ido yaro ya yi digiri a gidan kallon ƙwallo ba, aka yi karo-karo aka tura shi. To ran nan sai Yaya ta kira shi ta bidiyo, ta hango ƙashin wuyansa ya fito. Shi ke nan, hankali ya tashi. Ko dai yunwa ce, ko kuma wata ce ta shiga tsakaninsa da abinci. Aka yi zaman dangi a gidanmu na Ƙofar Marusa, aka duba wanda fasfonsa ke da rai kuma babu abin da zai lalace in ya bar gari, sai na ga duk idanu sun sauka a kaina. Na yi ritaya daga koyarwa, kuma a danginmu duk wanda ya yi ritaya ya zama ɗan aike, furfura ce kawai bambancinsa da yara.

Kayan Auta ba su dame ni ba: kilishi, dambun nama, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin ƙuli, man shanu a gora. Abin da ban shirya masa ba shi ne sautun dawowa. Ashe rabin unguwarmu na da buƙata da ruwan teku, mai zuwa ne kawai ba su samu ba. Gwaggon uwargida ta ce ana yayyafa shi a shago don kasuwa ta buɗe. Ladaninmu ya ce shi dai so yake ya gani da idonsa. Maƙwabcina Alhaji kuwa na ciwon ƙafa yake so, har jarka ya kawo mai cin lita 25, irin ta man gyaɗa, an wanke ta tas. Na ce, "Alhaji, jirgi fa zan hau." Ya ce, "To sai mi? Jirgin da ke kwaso alhazai da tsarabarsu, jarka ɗaya ce za ta gagare shi?" Da ƙyar muka daidaita a kan galan.

Tafiyar ba ta da wuya. Biza ba a nema tunda duk ƙasashen ECOWAS ne, fasfo ne da katin rigakafin shawara. Daga Legas zuwa Akra kusan awa guda ce a sama, Gana kuma tana bayanmu da awa guda, don haka lokacin da ka tashi shi ne lokacin da ka sauka. Auta ya tarbe ni ya ce in gyara agogo. Na ce agogon nan tun da na saye shi lokacin Katsina yake bi, ba zai canza hali a ƙasar mutane ba. Washegari na tashi kan lokacina, na bi ƙofofin ɗalibai Musulmin da ke gidan ina bugawa, ina cewa a tashi a yi salla. Suka fito suna murza ido, wani ya duba wayarsa ya ce, "Baba, ko ƙarfe 4 ba ta yi ba." Na ce ai nafila ma salla ce.

Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne yamma, a ƙaramar bas, amma cunkoson Kasoa kaɗai ya isa mutum ya yi barci ya farka ya tarar da mai tallar da ya bari a taga tana nan. Sai da muka wuce Mankessim da kaɗan hanya ta karkata, na ɗaga kai na gan shi. Ni babban ruwan da na sani a duniya shi ne dam ɗin Jibiya da na Zobe, kuma duk girmansu kana hango ɗaya gaɓar, har ka ga Bafulatani da shanunsa. Wannan kuwa ruwa ne ya tafi har ya haɗe da sama. Na ce, "Auta, ina ƙarshensa?" Bai ko ɗaga kai daga waya ba, ya ce, "Kawu, in ka miƙe kudu daga nan sai ƙanƙarar ƙarshen duniya."

Garin kansa ɗan ƙarami ne, duk tudu da gangare, tituna matsattsu, tsofaffin benayen Turawa sun yi tsatsa fenti na ɓarewa. Fante ne masu garin. Nan ne hedkwatar Turawan Ingila a ƙasar har zuwa 1877 da suka kwashe ta zuwa Akra, suka bar wa garin masunta da makarantu. Kuma makarantun ba na wasa ba ne. Mfantsipim, inda Kofi Annan ya yi sakandare, tun 1876 take. Jami'ar su Auta a 1962 aka kafa ta, da niyyar horar da malamai, tana kan tudu tana kallon teku, babbar hanya da layin bishiyoyin kwakwa ne kawai a tsakani. Abin ya ɗan taɓa ni a matsayina na tsohon malami, domin mu ma garin makaranta ne. Kwalejin Katsina da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa a 1922 aka buɗe ta, kuma gwamnan da ya buɗe ta, Hugh Clifford, daga mulkin wannan ƙasar aka ɗauko shi aka kawo Najeriya. Sai dai su an ɗauke musu mulki an bar musu makarantun, mu kuwa makarantar aka ɗauke mana a 1938 aka kai Kaduna. Na yi wa Auta wannan bayani tiryan-tiryan a cikin tasi. Ya ce, "Haka ne Kawu," da irin muryar da ɗalibaina ke yi in an kusa tashi.

A Amamoma yake zaune, ɗaya daga cikin unguwannin da ke manne da jami'ar, inda kusan kowane gida an yanka shi ɗaki-ɗaki don haya. A nan na haɗu da abokin gabana na gaskiya, wato laima. Watan Yuni ne, tsakiyar babbar daminarsu. Mu a Katsina ka wanke riga ka shanya, kafin ka gama cin tuwo ta bushe ƙarau. Can na wanke ƙananan kaya da safe, magariba ta yi suna ɗiga, washegari suka fara wani wari na daban. Shaddata da aka dake ta a gida ta sha sitati tana ƙyalli, ina fitowa da ita ta yi laƙwas ta manne mini a baya. Ashana ta ƙi kamawa. Gishirin da ke gwangwani ya zama ruwa. Kwaɗon jakata, sabo fil daga babbar kasuwa, ya fara ja.

Kilishin ne ya fi ba ni tausayi. Na ajiye shi a takardarsa a kan tebur yadda muke yi, domin kilishi ai ba ya tsoron iska. Da na waiwaye shi, ya yi laushi ya lanƙwashe, wani farin gashi ya fara tsiro masa a gefe. Auta ya duba ya girgiza kai, ya buɗe akwatinsa ya nuna mini yadda mazauna ke yi. Komai nasa a leda yake, a ƙulle tam, har takardun shaidar karatu. Ƙwayoyin shinkafa a cikin gishiri. Takalmin fata a rataye, ba a ƙasa ba. Kaya kuwa ba rana ke busar da su ba, dutsen guga ne. Ya ce, "Kawu, mai zuwa yawo teku yake kallo. Mu da ke zaune funfuna muke kallo." Na tambaye shi yaushe rabonsa da bakin ruwa, ya ce tun satin da ya zo. Ga teku a ƙofar gida, dare da rana yana ƙara kamar ana juye tifar tsakuwa, yaro ya ce shi ya ma daina ji.

Batun rama kuwa, da na ga yadda yake cin dokono, tuwon masararsu, na san Yaya ta yi asarar hawaye. Dokonon Fante a ganyen ayaba ake naɗe shi, tsami gare shi mai kama harshe, a haɗa da soyayyen kifi da baƙin yajinsu mai mai da suke kira shito. Auta ya tashi da ƙulli biyu yana neman ƙari. Hawan tudu zuwa aji ne ke cinye abin da ya ci. Ni ma na fara sabawa, har ranar da aka kawo mana miyar kuɓewa na sa hannu na ji abu mai ƙarfi, na ɗago sai ga ƙaguwa sukutum da ƙafafunta. Auta ya fara kawo mini hujja cewa a mazhabar Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne. Na ce ban musa ba, amma ni ba na cin abin da ke riƙe da makami.

Sai maganar ruwan mutane. Ranar Talata na zaɓa, don Auta ba ya da darasi da safe. Abin da bai gaya mini ba sai da muka isa shi ne, masuntan ƙasar nan ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni. Wato duk wanda ya kamata a ce yana can tsakiyar ruwa yana neman abincinsa, ranar yana zaune a bakin gaɓa, a inuwar manyan kwale-kwalen nan masu zane da tutoci, yana ɗinkin koma, ba abin da yake jira sai abin kallo. Ga ni na iso da kaftani, da hula zanna, da takalmin fata, da galan a hannu.

Auta ya ce, "Kawu, ka ba yaran nan su ɗebo maka. Ruwan nan yana ja ta ƙasa, yana cin mutane." Na ce ni da na yi ƙuruciyata ina ɗebo ruwa a rijiya mai gaba goma sha, yaro ne zai koya mini ɗiban ruwa? Na naɗe ƙafar wando, na tsaya na karanci abin. Na lura yana zuwa ne ya koma, ya zo ya koma. Dabara ta nuna a bari ya koma, a bi shi a baya, a ɗiba, a juyo. Da ya janye sai na bi shi da sauri, na duƙa na kafa bakin galan. Galan kuwa bakinsa ƙarami ne, sai ɓul-ɓul yake yi a hankali, ba ruwansa da halin da ake ciki. Na ji masunta sun ɗauki ihu gaba ɗaya. Na ɗauka gaisuwa ce, har na ɗaga musu hannu.

Ban faɗi ba, ko da wa zai gaya muku. Zama na yi. Sai dai ba ni na zaɓi wurin zaman ba, kuma da na buɗe ido inda na zauna ba nan ne inda na duƙa ba. Ruwa ya shiga hanci, ya shiga kunne, yashi ya cika aljihu har da na gaba. Hula ta kama hanyar kudu. Takalmi ɗaya ya bi ta. Wasu samari biyu suka kama ni ta hammata suka tsame ni, suna magana da Fante suna dariya har da riƙe ciki, wani dattijo kuma ya zo yana yi mini faɗa da hannu, yana nuna ruwan yana nuna furfurata. Galan na hannuna gam, ban sake shi ba, amma abin da ke ciki yashi ne da ɗan kumfa. Wani yaro da bai fi shekara 10 ba ya karɓa, ya ruga ya nutse ƙarƙashin igiyar ruwan, ya fito da shi cike, ya miƙo hannu a ba shi sidi, kuɗin ƙasar. Muna shirin tafiya teku ya turo takalmin ya ajiye a gaɓa. Na hagu ne, ya jiƙe ya kumbura. Hular har yau shiru.

A nan gefen, kan duwatsu, babban farin ginin nan yake, inda aka riƙa tsare bayi a zamanin cinikin bayi, wanda Turawan Suwidin suka fara kafawa a 1653 kafin ya koma hannun Ingila. Akwai wani a Elmina, tafiyar 'yan mintuna yamma, da Turawan Fotugal suka gina tun 1482. Mun shiga na Cape Coast ɗin. A bango akwai allon tunawa da zuwan Obama a 2009. Mai yi mana bayani ya gangara da mu kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda ake tara maza kafin jirgi ya zo, ya kashe fitila na ɗan lokaci, ba ka ganin tafin hannunka, iska sai ta wata 'yar kafa can sama. A daidai saman wannan rami Turawan suka yi ɗakin ibadarsu. Daga nan sai ƙofar da in an fita da mutum ta cikinta ba ya dawowa. Da yawa daga cikin waɗanda aka fitar daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, inda fatakenmu ke zuwa sarin goro. Ranar ban yi wa kowa raha ba, Auta ma ya mayar da wayarsa aljihu.

Kafin in taho ya dage sai ya kai ni dajin Kakum, wajen kilomita 30 arewa da gari. A can aka ɗaura gadoji na igiya da raga daga kan wata bishiya zuwa wata, tsawonsu duka kusan mita 350, faɗin katakon da ake takawa na mutum ɗaya ne, a wani wurin tsakaninka da ƙasa ya kai mita 40. Hasumiyar Gobarau da muke tinƙaho da ita wajen mita 15 ce, ku yi lissafi. Ina sa ƙafa abin ya fara lilo. Na waiga don in ba Auta shawarar mu koma, sai na ga 'yan firamare cikin kayan makaranta sun jeru a bayana, wata 'yar mitsitsiya tana kallona tana jira in matsa. An ce Katsinawa kunya gare mu ba dai tsoro ba. To kunyar ce ta haye da ni, domin gwiwoyina ba su taɓa jin wannan kirarin ba. Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Auta kuma, Allah ya shirye shi, yana baya yana ɗauka, kafin mu sauko ya tura zauren WhatsApp na dangi.

Wata safiya muka je karyawa kusa da kasuwar Kotokuraba, wurin wata dattijuwa mai koko da ƙosai. Na dubi ƙosan na ce wa Auta, "Wannan ai sai an sa tabarau." Ba ta ko ɗago ba, tana juya mai, ta ce, "Alhaji, wake ya yi tsada. Sannu da zuwa, daga ina?" Na ji kamar in koma cikin tekun. Ashe 'yar zango ce. Da na ce Katsina sai ta saki matsami ta tafa hannu. Kakanta Bakatsine ne, da ƙafa ya zo tare da fataken goro, ya yi aure ya zauna, bai koma ba har ya rasu. Abin da ta sani game da gidansu: ana ce masa Dogo, kuma akwai rijiya da tsamiya a ƙofar gidan, a cikin ganuwa. Ta hana mu biya. Ranar da zan taho ta aiko da ƙunshi: turmin atamfa biyu, cakulan, kwalbar shito, da wani tsohon hoto da ya dushe, wai in kai wa danginta. Na karɓa, don ba a cin ƙosan mutum kyauta bayan an kushe shi sannan a ƙi aikensa.

Galan bai hau jirgi ba. A jakar hannu ba a wuce da ruwan da ya haura mililita 100, a babbar jaka kuma nauyi ya yi yawa, sai na rage a gorar ruwa guda na naɗe da leda. Na iso gida na ba Yaya rahoto cewa ɗanta lafiya lau, babu yunwa babu budurwa, ta ce ta ga bidiyo, wanda ya kasa tsayuwa a kan katako ina zai iya binciken yaro. Ruwan kuma aka raba shi a kwalaben turare. Alhaji ya ɗanɗana nasa, ya yamutsa fuska, ya dube ni ya ce, "Malam, halan dai gishiri ka jiƙa a ruwan Ajiwa?" Na ɗauko masa takalmin hagu na ajiye a gabansa, ya juya shi ya shinshina, ya ce to ya yarda, amma ƙafar ba ta daina ciwo ba.

Saura aiken Hajiya mai ƙosai. Da fari na bi tsofaffin unguwanni ina tambayar gidan Dogo da ya tafi Gwanja bai dawo ba, kowa ya ce bai sani ba. Sai uwargida ta yi suɓul da baka a gidan suna, ta ambaci atamfa. Kafin sati ya zagayo an yi mini sallama daga Ƙofar Guga, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar 'Yandaka. Kowane gida da Dogonsa, kowane Dogo Gwanja ya tafi, kowace ƙofa akwai rijiya da tsamiya, sai dai an cike rijiyar an sare tsamiyar. Wata tsohuwa ta fara kuka tun daga zaure, na miƙa mata hoton ta riƙe shi kai a ƙasa ta ce wallahi shi ne, ga goshin nan irin nasu. Na kira Hajiya ta bidiyo na nuna mata su ɗaya bayan ɗaya don ta raba gardama, ta fashe da kuka ta ce duk suna kama da shi, kuma in Auta zai zo hutu za ta ƙaro kaya.

Cakulan dai jikoki sun gama da shi, shito kuma na ga an buɗe murfinsa a kicin, ban tambayi wanda ya buɗe ba. Mai unguwa ya sa ranar Asabar bayan la'asar a zaurensa, kowane gida zai zo da dattijonsa da hujjarsa. An ce in zo da atamfar, da hoton, da kujerar da zan zauna.